Wando a kan rigar gyaran baya: teloli da iyaye, ku ba ni dabara

Maman Ummi, Unguwar Dosa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, zan ɗan ja zance. 'Yata mai shekara 12 aka gano ƙashin bayanta ya karkace, abin da likitoci ke kira sikoliyosis. Ni da nake kwana nake tashi da ita ban lura ba, mai yi mata kitso ce ta ce, "Hajiya, kafaɗar yarinyar nan ɗaya ta fi ɗaya hawa." Da aka yi hoto aka ce karkatar ta kai digiri 31. Yanzu an yi mata rigar roba mai tauri, daga ƙarƙashin hammata har kwatangwalo, da maɗauri uku a baya. A gida sulke muke ce mata, ƙaninta ne ya raɗa mata sunan. Likita ya ce awa 18 kullum.

Riga da hijabi ba su ba ni matsala ba. Wando ne ya gagare ni. Na yunifom duk sun ƙi hawa kan sulken. Na je Kasuwar Barci na ɗauko na gwanjo manya, suka shiga, amma ƙafa ta yi jan ƙasa, ƙugun kuma sai zamewa yake kamar an ɗaura wa tulu zane. Na gwada sa mata wandon a ƙarƙashin sulken, robar ta yi mata shaida ja a ƙugu, kuma in za ta bayi sai an kwance komai. Jiya ta dawo daga makaranta na buɗe jakarta na tarar da sulken a ciki, ta cire tun lokacin tara. Ban yi mata faɗa ba, na shiga ɗaki na yi kukana.

Ina da keken Butterfly da na gada wajen mahaifiyata, ina taɓa ɗinkin gida. Ta ina zan fara?

Hajiya Tudun Nufawa
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Me zai hana ki yi mata dogon siket ki huta?

Maman Ummi, Unguwar Dosa
Amin Hajiya, na gode. Makarantarsu wando ne doka. Kuma siket ɗin ma ƙugu gare shi, matsalar tana nan.

Baba Tela, Kasuwar Barci
'Yata, sannu da ɗawainiya. Na fi shekara 30 a kan keke, na yi wa mutum uku irin wannan aikin, biyu dattawa ɗaya yaro. Kuskuren farko da kowa ke yi shi ne ya ɗauko tsohon awon mutum ya ce bari ya ƙara inci biyu. Manta da awonta na da. Yanzu sulken nan shi ne jikinta, shi za ki auna.

Ki sa mata shi, a ɗaure yadda likita ya sa alama, ba sako-sako ba. Sai ki ɗauki tef:

Ki zagaya inda ya fi ko'ina faɗi, wajen kwatangwalo. Wando in bai wuce nan ba, ba zai hau ba.

Ki shafa sulken da hannunki daga ƙasa zuwa sama ta kwiɓi. Za ki ji wani ɗan kwari sama da ƙashin kwatangwalo, inda robar ta shiga ciki. Nan ne ƙugunki. Na gwanjon da kika saya suna zamewa ne don ƙugunsu yana tsayawa a kan tudu, inda babu abin da zai riƙe shi. Ki ɗaura zare a wannan kwarin, daga shi za ki yi sauran awo.

Sai hantsa. Ki sa bakin tef a zaren ta gaba, ki bi ta tsakanin ƙafafu, ki kai zaren ta baya. Ki yi tana tsaye, ki sake yi tana zaune a kan kujera mai tauri irin ta aji. Za ki ga na zaune ya fi tsawo ta baya. Da na zaunen za ki yi aiki.

Maman Ummi, Unguwar Dosa
Baba, Allah ya saka da alheri. Yanzu na tashe ta na shafa, wallahi kwarin yana nan, kusan daidai cibiya ko sama kaɗan. Ashe wandon ne ba ya kaiwa.

Fa'iza Mai Ɗinki, Malali
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ƙarin da zan yi a kan yanka ne. Kada ki yanka kai tsaye a yadin yunifom. Ki warware tsohon wandonta guda ɗaya, ki kwanta shi a kan takarda mai kauri ki zana. A ɓangaren baya, ki ja layi a kwance daidai tudun mazaunai, ki tsaga takardar daga ɗinkin tsakiya zuwa gefe, amma kada ki raba ta, ki bar gefen a haɗe. Sai ki buɗa tsagar ta tsakiya kamar inci ɗaya da rabi zuwa biyu, ki liƙa wata takarda a ƙasa. Bayan wandon ya ƙara tsawo ke nan ba tare da gefe ya ƙaru ba. Dalili kuwa, mu in za mu zauna bayanmu na lanƙwasawa, ita nata ba ya lanƙwasawa, sai ƙasan sulken ya turo wandon ƙasa.

Gaba kuma akasin haka. Kada ki cika masa yadi, don in ta zauna duk zai taru a matse-matsinta, bakin sulken ya danne shi a kan cinya. Ba zif, ba aljihun gaba, ba tattara.

Ki fara gwadawa da tsohon zanen gado.

Baba Tela, Kasuwar Barci
Mu dai a zamaninmu ba a san yanka da takarda ba, alli da ido ne. Amma a wannan aikin na yarda da ke, 'yata. Inda za mu rabu na san shi ne ƙugu, don na san roba za ki ce.

Fa'iza Mai Ɗinki, Malali
Roba kuwa zan ce, Baba.

Baba Tela, Kasuwar Barci
To ni mazagi. Kakanninmu da suka yi wando mai ƙubaka da mazagi ba wawaye ba ne. Wando ɗaya uba ya sa, ɗa ya sa, mai tumbi ya sa, siriri ya sa. Yarinyar nan awa 18 take cikin sulke, sauran awa 6 fa? In kika yanka roba daidai sulke, da ta cire shi wandon zai faɗo ƙasa. Mazagi kuwa ja ne kawai ka ɗaure inda kake so. Kuma robar kasuwa ta yanzu wanki nawa take yi kafin ta saki? Ga rana irin ta Kaduna a watan Maris, a shanya sau biyar ta zama igiyar guga.

Fa'iza Mai Ɗinki, Malali
Baba, ranka ya daɗe, ka duba ta nan. Yarinya ce da ba ta iya sunkuyawa ta ga cikinta. Fitsari ya matse ta, ta shiga bayin makaranta, ƙullin mazagi ya zarge, tana laluben shi da hannu ba ta gani, ga layi a waje ana buga ƙofa. Rana ɗaya hakan ta faru, gobe sulken zai koma jaka. Ni na yi makarantar kwana, na san bayin 'yan mata lokacin tara. Ga mazagi kuma da son jan ƙasa ya jiƙe.

Baba Tela, Kasuwar Barci
A koya mata ƙullin da ba ya zargewa mana.

Fa'iza Mai Ɗinki, Malali
Baba, ko babba in ya matsu hannunsa rawa yake.

Anti Ladi, Kakuri
Ku biyun duk kuna da gaskiya, sai ku haɗa. Haka na yi wa maigidana lokacin da ya yi haɗarin babur aka yi masa aiki a baya, ya yi wata uku da irin wannan rigar. Roba mai faɗi, inci ɗaya da rabi, amma gajeriya, wadda za ta zagaye baya da kwiɓi biyu kawai. A kowane bakinta ki ɗinka mazagi, ki zura duka a cikin ƙubaka, mazagin ya fito ta gefe, ba ta tsakiyar gaba ba, don kada ƙullin ya yi tudu a ƙarƙashin riga. Da safe ki ɗaure mata sau ɗaya. Duk wunin ba ta sake taɓa ƙullin ba, ja ƙasa kawai za ta yi robar ta buɗe. In ta cire sulken da yamma sai a ƙara jan mazagin. Ki tabbata dai yadin ƙubakar kansa ya fi wurin da sulken ya fi faɗi da kamar inci biyu, in ba haka ba ko robar ta buɗe yadin zai tsaya.

Baba Tela, Kasuwar Barci
To, an raba gardama. Mazagina dai yana ciki.

Abu Sadik, Rigasa
Ni fa ban gane ba. Ana ta maganar wando an bar asalin ciwon. Me zai sa a ɗaure yarinya cikin roba shekara da shekaru alhali muna da masu ɗori da suka gaji abin kaka da kakanni? Akwai wani dattijo ta wajenmu, ƙashi ko ya yi raga-raga yana haɗa shi. Kuma ku iyaye ku rage wa yara jakar makaranta, ita ke karya musu baya.

Sista, Badarawa
Malam Abu Sadik, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Ina aiki a sashen gashin ƙashi, bari in ɗan yi bayani. Ɗori na abin da ya karye ne ko ya goce. A nan babu abin da ya karye. Ƙashin bayan ne yake girma yana lanƙwashewa gefe yana kuma murɗewa, shi ya sa in yaron ya sunkuya za ka ga haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi tudu. Ja ko danna ba ya miƙar da shi. Kusan 8 cikin 10 na masu wannan larura ba a gano takamaiman dalili ba, kuma jakar makaranta ko ɗaukar ruwa ba sa kawo ta, ko da yake jaka mai nauyi na sa ciwon baya. Ina faɗar wannan ne don iyaye mata da yawa suna zuwa mana suna zargin kansu. Ta fi tsananta ga 'yan mata, daidai lokacin da suke miƙewa kafin balaga da farkonta.

Ita rigar ba ta mayar da baya ya miƙe sak. Aikinta ta hana karkatar ƙaruwa har yarinya ta gama girma. Galibi ana ba da ita in karkatar tana tsakanin digiri 25 zuwa 40 kuma ƙashi bai gama girma ba. In ta haura 45 zuwa 50 sai a fara zancen tiyata. Irin ta Ummi mai ɗauri a baya ita ake kira samfurin Bostan, don a birnin Bostan na Amurka aka ƙirƙiro ta a 1972. Kafin ita akwai wata da ke hawa har wuya da sandunan ƙarfe, ita kam ba rigar da ke ɓoye ta.

Abin da ya sa nake ganin zancen wandon nan shi ne zancen ciwon: a 2013 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan yara 242. Cikin waɗanda suka sa rigar, kashi 72 cikin 100 sun gama girma karkatar ba ta kai digiri 50 ba. Cikin waɗanda aka sa wa ido kawai, kashi 48. An saka wa rigunan wata 'yar na'ura mai jin ɗumin jiki don a san awa nawa yaro ya sa da gaske, ba abin da ya faɗa wa likita ba. Waɗanda suka riƙa sawa kimanin awa 13 zuwa sama, 9 cikin 10 sun tsira. Waɗanda ba su wuce awa 6 ba, kusan daidai suke da wanda bai sa ba. To rigar da ke kwance a jaka daga lokacin tara zuwa tashi, lissafa awa nawa ta ci a mako.

Wani abu dabam da ya kamata a sani: in yaro ko babba ya fara doro tare da ciwon baya mai tsanani, zazzaɓi, gumin dare da rama, wannan yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Shi magani ake sha na watanni, kuma jinkiri na iya shanye ƙafafu. A je asibiti da wuri. Muna da asibitin Barau Dikko a nan cikin gari, ga na Shika a Zariya, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Abu Sadik, Rigasa
To Sista, ilimi kogi ne. Amma ni dai na ga aikin dattijon nan da idona.

Sista, Badarawa
Ban musa maka a kan karaya ba. Wannan ce dai ba karaya ba.

Mai kula da zaure
Jama'a a dawo kan wando don Allah. Wanda ke da tambayar asibiti ya buɗe nasa zancen.

Maman Ummi, Unguwar Dosa
Sista, kin cire min wani ƙullutu a zuciya. Surukata tun da abin ya faru take cewa ni na bar ta tana goyon ƙaninta. Tambayata, kamfai fa? Ciki ko waje? Kuma me zan sa mata a ƙarƙashi, don zufa har ɗiga take.

Sista, Badarawa
Kamfai a waje, a kan sulken, ki sayi wanda ya fi nata girma. Da shi da wando su sauka tare su hau tare, ba ta taɓa maɗauri ko ɗaya ba. Wannan shi ne duk sirrin zuwa bayi.

A ƙarƙashi abu ɗaya tak: shimi ko singileti na auduga mai kama jiki, doguwa da za ta wuce bakin sulken ta ƙasa, mai ɗan hannu don ta kare hammata. Ki juya ta bai-bai, ɗinkin ya kalli waje. Kafin a ɗaure a ja ta ta miƙe, don tattara ɗaya ta isa ta yi rauni zuwa yamma. Ki tanadi huɗu ko biyar, lokacin zafi ta tafi makaranta da ɗaya a jaka. Kada ki shafa mata mai ko basilin a inda sulken ke dannawa, yana tausasa fata ta saɓule. In an cire za ki ga ja a wuraren dannawa, wannan ba komai, aikin ke nan. Amma jan da ya wuce minti 30 bai baje ba, ko ƙuraje masu ruwa, ko fata ta buɗe, a koma wurin wanda ya yi rigar ya gyara.

Ɗan Panteka
In zamewa ce matsalar ku kawo min ita shago in huda mata ramuka biyu in sa ƙugiya, a rataya wandon kamar labule. Har na iska sai in ƙara mata saboda zafi.

Sista, Badarawa
A'a Malam, Panteka kun iya ƙera komai amma ban da wannan! Kada a huda, kada a yanke baki, kada a gasa da wuta a buɗa. An ƙera ta ne ta danna wani wuri ta bar fili a wani wuri, rami a inda bai dace ba yana sa ta tsage ko ta daina aiki. Ramukan iska akan yi su, amma mai rigar ne zai yi. Ko a rana ko bayan mota kada a bar ta, zafi na sauya mata siffa.

Ɗan Panteka
Na janye. Ni da ma taimako na yi niyya.

Fa'iza Mai Ɗinki, Malali
Amma tunanin ratayar ba laifi, ba sai an huda ba. Ki ɗinka 'yar madauki ta yadi a cikin ƙugun wandon ta baya, mai maɓallin matsi, ta zagaya maɗaurin sulken na ƙasa ta ƙulle. Sai dai wannan ya fi dacewa da ranar biki ko doguwar tafiya, don a bayi sai ta miƙa hannu baya ta ɓalle. Na yau da kullum, ki duba gwanjon gajerun wandunan 'yan tseren keke, bakin ƙafarsu akwai wata roba mai layi-layin danƙo a ciki. Ki farke ta ki ɗinka guntaye a cikin ƙubaka ta kwiɓi biyu. Danƙon na kama robar sulken, santsin ya ragu sosai.

Anti Ladi, Kakuri
Maganar yadi ba wanda ya taɓa. Shadda kada ki fara, tana da sulɓi, ga tauri, kuma bakin sulken zai ci ta a kan lanƙwasa. Auduga zalla ko mai ɗan naso kaɗan. Mahaifina ya yi aiki a masaƙa a nan Kakuri, muna yara jiniyar canjin aiki ce agogonmu. Masaƙar KTL tun 1957 take, aka rufe ta a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007. Lokacin yadin auduga ba abin nema ba ne a garin nan, yanzu kuwa mai shago zai rantse miki auduga ce alhali leda ce aka saƙa. Abin da mahaifina ya koya mana: ki roƙi ɗan ƙyalle, ki kai bakin ashana. Auduga za ta ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Ta roba za ta nannaɗe ta narke, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri, da wari irin na ƙona leda. Kuma ki jiƙa yadin ki shanya ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, auduga na shiga a wankin farko.

Malama, Kawo
Ni malamar makaranta ce, ba tela ba. Abu biyu. Na ɗaya, ki je da kanki ki sami shugabar makaranta da takardar likita, ki nemi a bar ta ta riƙa fita bayi kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma a yarda rigarta ta ɗan fi ta saura faɗi. Yawancinmu ba ma ƙi in an yi mana bayani. Na biyu, kin tambayi ita Ummin me take so? Yarinya mai shekara 12 ba zafi kaɗai ke sa ta cire abu ba. Wataƙila wata ta dafa ta ta ji tauri ta yi dariya.

Maman Ummi, Unguwar Dosa
Malama, kamar kina wurin. Bayan isha'i na zaunar da ita. Ta ce bayin ne babba, amma kuma in ta zauna a benci wandon na sauka ta baya, rigar ta ɗage, farar robar ta leƙo, na bayanta suna ce mata mai kwalkwali. Ta roƙe ni wai wandon ya zama kalar na kowa sak, kada a gane na daban ne. Ni ina can ina tunanin inci, ita abin da ke ranta ke nan.

Ta kuma tambaye ni sallah, don ruku'u na yi mata wuya da shi.

Malam Na Tudun Wada
Ta yi iya abin da za ta iya. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya nuna mara lafiya ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ta sunkuya gwargwadon yadda rigar ta bari. In kuma wata sallar ta faɗo cikin awannin da likita ya ba ta na hutu, shi ke nan.

Baba Tela, Kasuwar Barci
Tunda an zo kan tsuguno da sujada, saura abu ɗaya. Ki sa hantsa. Ɗan yadi mai kusurwa huɗu kamar dabino, tsawon inci shida faɗin inci uku ya ishi yarinya, ki dasa shi a mahaɗar ƙafafu. Wandon Bature ɗinki huɗu ne ke haɗuwa a wuri ɗaya, nan yake fara yagewa in an tsuguna. Namu na gargajiya hantsa ke ɗaukar wannan jan. Daga waje ba mai gani, balle a ƙarƙashin doguwar riga. Ƙafar kuma ki ɗan tsuke ta ƙasa, kada ki yi buje, don in ta sauke wando a bayin tsuguno ba za ta iya sunkuyawa ta tattare shi ba.

Kuma kada ki yi lafin ƙafa sai a ƙarshe. Ta sa sulke, ta sa wando, ta sa takalmin makaranta, ta tsaya a kan siminti, ki auna kowace ƙafa daga ƙasa da kanta. Sulken nan ba daidai yake hagu da dama ba, gefe ɗaya zai ɗauke yadi fiye da ɗaya. In kika ninka wando kika yanke ƙafa biyu tare, ɗaya za ta ɗage.

Maman Ummi, Unguwar Dosa
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 12 da rahoto.

Na farko da na yi da zanen gado ya lalace, laifina ne. Na ji tsoron inci biyun da Fa'iza ta ce, na ga kamar zai yi buhu, na sa ɗaya. Tana zama ya sauka. Na biyu na sa biyu cif, na haɗa roba da mazagi irin na Anti Ladi, na sa hantsar Baba. Hantsar ta ba ni wuya, sau uku ina farkewa, kusurwar ba ta zama sai da na fara kafa ta da allurar hannu kafin in hau keke. Zancen ƙafa kuwa Baba ya yi gaskiya, ta hagu sai da na bar mata rabin inci fiye da ta dama.

Na sami yadin yunifom ɗin a Kasuwar Gumi, na ɗinka guda biyu. Ranar Litinin na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta ta hau Keke Napep, ta ɗaga ƙafa ta zauna, ban ga fari ya leƙo ba. Kwana huɗu ke nan tana dawowa da sulken a jikinta. Jiya ma ita ta tuna min a ƙara jan maɗaurin tsakiya.

Sabuwar matsala: bakin maɗaurin ƙasa, wurin ƙaiƙayin nan da ke mannewa, ya fara cin wandon ta ciki, har yadin ya yi gashi-gashi.

Anti Ladi, Kakuri
Alhamdu lillahi! Na manta ban gaya miki ba, na maigidana ma haka ya yi. Ki yanko ƙyalle mai kauri daga tsohon wandon jins, faɗin tafin hannu, ki ɗinka shi a ciki daidai wurin, da dogon ɗinki yadda za ki iya farkewa ki sauya in ya cinye. Ko ki yanke ƙafar tsohuwar safa ki zura maɗaurin a ciki ya rufe ƙaiƙayin da ya yi saura.

Baba Tela, Kasuwar Barci
Madalla da 'yata. Ki adana takardar nan, ki rubuta ranar da kika yi awo a jikinta. Yarinya mai girma ce, za a sake mata sulke, ranar sai sabon awo.

Maman Ummi, Unguwar Dosa
In sha Allahu Baba. Yanzu kuma wai aljihu take so, ta ce duk 'yan ajinsu nan suke sa kuɗin tara. Fa'iza kin ce ban da na gaba, a ina zan sa?

Fa'iza Mai Ɗinki, Malali
A gefen cinya, ƙasa da bakin sulken da kamar faɗin yatsu huɗu, inda hannunta ke kaiwa tana tsaye ba ta karkata ba. Ki ba ta alli ta sa alamar da kanta.

Hajiya Tudun Nufawa
Anti Ladi, robar nan inci ɗaya da rabi kika ce ko biyu? Mahaifiyata bel ɗin baya take ɗaurawa saboda ciwon ƙugu, zane ba ya zama mata a kai, ina so in gwada mata da siket.

Anti Ladi, Kakuri
Ɗaya da rabi, Hajiya. Ki matsa ta da yatsa kafin ki saya, wadda ke naɗewa tsakiya ki bar musu.